Yadda ake tantance kwatabak na jami'a kafin zaɓen 'yan wasa na NFL

A ƙwallon Amurka, kwatabak shi ne ɗan wasan da ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari, shi kuma yake yanke shawarar inda za ta nufa. Duk shekara a ƙarshen watan Afrilu ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa, suna zaɓar 'yan wasa daga jami'o'i cikin zagaye bakwai, kuma babu gurbin da suka fi tafka asara a kansa irin wannan. A 1998 an yi ta muhawara kan wanda ya fi tsakanin Peyton Manning da Ryan Leaf. Aka ɗauki Manning na ɗaya, Leaf na biyu, amma Leaf bai kai ko'ina ba. A 2000 sai da aka zaɓi mutum 198, shida daga cikinsu kwatabak, kafin New England ta ɗauki Tom Brady, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin fitattun kwatabak a tarihi.

Aikin da ke gabanka guda ne: ka ware abin da yaron ya yi da hannunsa da kansa daga abin da tsarin kocinsa da abokan wasansa suka yi masa. Duk matakan da ke ƙasa hanyoyin yin wannan rabon ne.

Kayan aiki

Na farko bidiyon wasanni cikakku. Mafi inganci shi ne wanda ake kira All-22, wanda ake ɗauka daga sama ta yadda za ka ga 'yan wasa 22 gaba ɗaya, sau ɗaya daga gefen fili, sau ɗaya daga bayan layin ci. Na jami'o'i yana wuyar samu ga wanda ba ya aiki da wata ƙungiya. Idan babu shi, yi amfani da na talabijin. A YouTube akwai waɗanda ake yankewa a bar harin ɗan wasa ɗaya kawai. Matsalarsa ita ce kyamara tana bin ƙwallo, masu tsaron can baya sukan fita daga hoto, don haka sai ka jira maimaicin da ake nunawa daga bayan kwatabak. Kada ingancin hoton ya gaza 720, in ba haka ba ba za ka ga inda hularsa ta fuskanta ba. In data ta yi ƙaranci, gwamma ka sauke wasanni huɗu masu kyan hoto da takwas masu hazo.

Na biyu manhajar da ke rage gudun bidiyo. VLC ta wadatar, kuma a kwamfuta maɓallin E yana tafiya da kai hoto ɗaya bayan ɗaya. Wannan ma zai iya maye maka agogon ƙirga daƙiƙa: a bidiyo mai hoto 30 a daƙiƙa, hoto 75 daidai yake da daƙiƙa biyu da rabi.

Na uku takardar ƙirga, ko a Excel ko a littafi mai layi. Na huɗu alƙaluman wasa, waɗanda ake samu kyauta a Sports Reference da ESPN da shafin jami'ar. PFF, kamfanin nazarin alƙaluman wasa, tana da masu zurfi amma na kuɗi ne, kuma yawancinsu za ka iya fitarwa da kanka. Sai lokaci: ka ware awa ɗaya da rabi zuwa biyu ga kowane wasa.

1. Fara da tarihinsa kafin ka kunna bidiyo

Rubuta shekarunsa a ranar zaɓe, yawan wasannin da aka fara da shi, jami'o'in da ya buga wa, kociyoyin hari nawa ya yi aiki a ƙarƙashinsu, da raunukan da suka hana shi wasa. Doka ta ce sai ɗan wasa ya shekara uku da gama sakandare kafin ya shiga zaɓe, don haka wasu suna fitowa da ƙarancin gogewa.

Yawan wasannin da aka fara da shi yana da nauyi ƙwarai. Mitchell Trubisky ya fara 13 kacal a North Carolina, aka ɗauke shi na biyu a 2017. Trey Lance ya fara 17 a North Dakota State, San Francisco ta ɗauke shi na uku a 2021. Anthony Richardson ya fara 13 a Florida, aka ɗauke shi na huɗu a 2023. Dukkansu sun sha wahala a farkon zamansu a NFL. A ɗaya ɓangaren, Jayden Daniels ya fara 55, Bo Nix 61, kuma su biyun sun kai ƙungiyoyinsu wasannin fitar da gwani a shekararsu ta farko, 2024. Akwai ƙa'idar da ake jingina wa tsohon koci Bill Parcells: shekara uku yana farawa, wasa 30, nasara 23, isar da kashi 60 cikin ɗari na jifansa, da ci biyu a kan kowace cafkewa ɗaya, wato jifan da abokin hamayya ya kama. Riƙe ta a matsayin ma'aunin haɗari, ba hukunci ba, domin Cam Newton kaka ɗaya ya yi a Auburn kuma ya zama gwarzon NFL a 2015. Abin da ƙarancin wasa yake nufi shi ne ba ka da isasshiyar shaida, sai ka rubuta hakan ƙarara a rahotonka.

Shekaru kuma suna yanka ta kowane gefe. Mai shekara 24 da ke wasa da yara 'yan 19 dole ya yi fice. Brandon Weeden yana da 28 lokacin da Cleveland ta ɗauke shi a 2012.

2. Zaɓi wasannin da za ka kalla

Shida ne mafi ƙaranci. Biyu da ƙungiyoyin da suka fi ƙarfin tsaro a jadawalinsa, ɗaya wanda alƙalumansa suka fi muni a ciki, ɗaya wanda suka fi kyau, ɗaya a gidan abokan hamayya ko cikin ruwa da iska, ɗaya kuma daga kakar da ta gabata don ka ga ko yana gaba. In daga ƙaramin rukunin jami'o'i da ake kira FCS ya fito, nemo duk wasan da ya yi da babbar jami'a ka sa shi a gaba.

Kada ka fara da bidiyon da aka tattara jifansa masu burgewa. Saman kwandon tumatir ne. Manyan ake jerawa a ido. Haka kuma kada ka karanta jerin masu sharhi kafin ka gama naka, domin da zarar ka ji an ce wane shi ne na ɗaya, idonka zai dinga nemo masa uzuri. Kashe sautin masu gabatar da wasa ma.

3. Gane tsarin da yake wasa a ciki

Wasa na farko ka kalle shi ba tare da ba da maki ba. Tambayoyin su ne: nawa ne daga jifansa ba sa wuce layin farawa, wato inda ake ajiye ƙwallo a fara hari? Sau nawa koci yake yanke masa shawara daga gefen fili bayan an jeru? Yana karɓar ƙwallo daga ƙarƙashin ɗan tsakiya mai miƙo masa ita, ko kullum yana tsaye yadi biyar a baya? Shi yake gyara wa 'yan katangarsa biyar, masu kare shi daga abokan hamayya, wanda kowa zai tare, ko ɗan tsakiya ne?

Dokokin jami'a sun bambanta da na NFL ta hanyoyin da ke kumbura alƙaluma. Layukan da ake ajiye ƙwallo a kansu suna da tazarar yadi 13 da ɗoriya a jami'a, a NFL kuwa yadi 6 da ɗan kai. Ma'ana a jami'a ɓangare ɗaya na fili yakan yi faɗi sosai, masu tsaro su kasa ɓoye niyyarsu. A jami'a 'yan katanga suna iya kutsawa yadi 3 gaba alhali za a yi jifa, a NFL yadi 1 kawai. Wannan ya sa salon RPO, inda kwatabak yake kallon mai tsaro ɗaya ya zaɓi miƙa wa mai gudu ko jifa, ya fi sauƙi a jami'a. Ƙafa ɗaya cikin fili ta isa a karɓi kamu a jami'a, NFL sai biyu.

Tsari yana iya ba mutum alƙaluman da ba nasa ba. Case Keenum ya tara yadi 19,217 a Houston, amma babu wanda ya zaɓe shi a 2012. Sai dai kada ka hukunta yaro da laifin tsarinsa: an yi wa Patrick Mahomes kallon ɗan tsarin Air Raid na Texas Tech, mai dogaro da yawan jifa, irin wanda ba ya haifar da ɗa mai ido a NFL, har ya faɗo na goma a 2017.

4. Ƙirga kowane jifa

Nan ne gundarin aikin. Buɗe layi ɗaya ga duk lokacin da ya ja baya da niyyar jifa, har da waɗanda aka kayar da shi kafin ya jefa ko ya gudu. Ginshiƙan takardar su ne: dama ta nawa ce cikin huɗun da ake ba masu hari su ci yadi 10 da yadi nawa suka rage, nisan jifa, ɓangaren fili, daƙiƙa nawa ƙwallo ta yi a hannunsa, akwai matsi daga masu tsaro ko babu, zaɓinsa na nawa ne ya jefa wa, girman ratar da ke tsakanin mai kamu da mai tsaro, makin saiti, da makin shawara.

Nisan jifa ana auna shi daga layin farawa zuwa inda ƙwallo ta sauka, ba inda mai kamu ya tsaya da gudu ba. Kasa shi huɗu: bayan layi, yadi 0 zuwa 9, 10 zuwa 19, sai 20 zuwa sama. Ɓangare kuma uku: hagu, tsakiya, dama. Gidan da ya fi faɗa maka gaskiya shi ne tsakiyar fili a yadi 10 zuwa 19, inda dole ƙwallo ta tsallake masu tsaron tsakiya ta faɗo kafin masu tsaron baya. Idan bayan wasa shida gidan nan kusan fanko ne a takardarka, ko kocinsa bai yarda da shi ba, ko shi yake gudun wurin. Koma bidiyo ka duba ko ana buɗewa a can yana ƙin jefawa.

Makin saiti ka ba shi daga 0 zuwa 3, ba tare da la'akari da ko an kama ba. Uku: ƙwallo ta zo inda mai kamu kaɗai zai taɓa ta, bai rage gudu ba. Biyu: ta kamu amma sai da ya ɗan gyara jiki. Ɗaya: sai da ya tsaya, ko ya yi tsalle, ko ya juyo baya. Sifili: ba ta kamuwa. Inda ya dace ta sauka ya danganta da yanayi. Ga mai ratsa fili a guje, gabansa daidai ƙirji. Ga wanda mai tsaro ke manne da shi ta ciki, kafaɗarsa ta waje. Ga wanda wani ke jiran ya maka shi a tsakiya, ƙasa-ƙasa, don ya kare jikinsa. Saboda haka jifan da ka gani ƙasa ba lallai kuskure ba ne. Duba inda masu tsaro suke kafin ka rage maki.

Makin shawara daban yake da sakamako. Idan ya jefa wa mai tsaro a ƙirji shi kuma ya saki, rubuta ta a matsayin cafkewa ko da alƙaluma ba su nuna ba. Idan ƙwallo ta doki hannun mai kamunsa ta tashi aka cafke, ba laifinsa ba ne. Jifan da ya yar waje da gangan don guje wa kayarwa cire shi daga lissafin saiti, ka ba shi makin shawara mai kyau.

Kuskuren da sabon hannu ya fi yi a nan shi ne bin ƙwallo da ido. Kalli kowane hari sau uku: na farko masu tsaro kawai, na biyu kai da ƙafafun kwatabak, na uku ƙwallo da mai kamu.

5. Auna saurin karatunsa

Tsayar da bidiyo kafin a miƙo ƙwallo ka ƙirga masu tsaron can baya. Idan ɗaya ne a tsakiya, gefuna ne ke da rauni. Idan biyu ne, tsakiyar fili da ramukan gefe tsakanin mai tsaron gaba da na baya. Sannan ka saki hoto goma zuwa sha biyar bayan miƙowa ka sake tsayarwa. Ƙungiyoyi masu wayo sukan nuna biyu su juye zuwa ɗaya, ko akasin haka. Abin da kake nema shi ne ko ya lura da juyin, ko kuwa ya jefa inda ya riga ya ƙudura tun kafin a fara. Tara duk harin da aka yi masa irin wannan juyi a wuri guda, domin a NFL abincin yau da kullum ne.

Zanen da ke tsakiyar hularsa zai nuna maka inda yake kallo. Kwatabak mai tsari idonsa da ƙafarsa tare suke tafiya: ya ja baya taku uku ko biyar, ƙafar baya ta dira, in zaɓi na farko a rufe yake sai ya ɗan yi tsalle gaba ya koma na biyu, wani tsallen ya koma na uku. Wanda idonsa ya tafi hagu ƙafafunsa suna kallon dama zai yi jifa da hannu kaɗai, saiti ya lalace. Wanda ya kafe mutum ɗaya da ido tun daga farko yana jawo mai tsaron baya zuwa wurin da kansa.

Sai gwajin da na fi ba muhimmanci. Tsayar da bidiyo a hoton da ƙwallo ta bar yatsunsa, ka duba mai kamun. Ya riga ya karya kwana ya juyo, ko bai kai ga karyawa ba? A jami'a rata takan daɗe a buɗe, don haka wanda ke jiran ya ga mutum a sake kafin ya jefa yana iya cin nasara shekara uku ba a gane ba. A NFL ratar tana rufewa kafin ƙwallon ta iso. Ƙirga sau nawa ya saki ƙwallo kafin kwana a jifan da ya wuce yadi 10. In a wasa shida ba ka samu ko biyar ba, wannan babban gibi ne, kuma yana cikin abubuwan da suka fi wuyar koyarwa.

6. Duba shi cikin matsi

Ware duk layukan da ka rubuta akwai matsi. Raba yawan kayarwa da yawan matsi: in an matsa masa sau 60 aka kayar da shi sau 15, kashi 25 ke nan. Ƙasa da kashi 15 abin yabo ne, sama da kashi 20 kuma ka ja layi da jan biro. Wannan ɗabi'a takan bi ɗan wasa zuwa NFL fiye da yawancin alƙaluma, domin daga kansa take fitowa ba daga katangarsa ba.

Kowace kayarwa ka nemo mai laifi. In an ture ɗan katanga cikin ƙasa da daƙiƙa biyu da rabi, ba nasa ba ne. In masu tsaro shida suka taho alhali biyar ke tare masa, na shidan nasa ne: ya kamata ya gan shi ya saki ƙwallo nan take zuwa gurbin da ya bari. In ya wuce daƙiƙa uku da rabi yana riƙe da ƙwallo, nasa ne ko da me ya faru.

Lura da yadda yake motsi. Nagari yakan matsa taku ɗaya gaba ko gefe, hannu biyu a kan ƙwallo, ido a can gaba. Alamun matsala uku ne: sauke ido ya kalli masu tahowa, ja da baya a miƙe wanda ke saukaka wa masu zagayowa ta gefe, da ficewa a guje alhali babu wanda ya taɓa shi. Wannan ta ƙarshen takan ɓuya, saboda sau da yawa gudun yana ƙarewa da abin tafi. Koma baya ka ga wa ya bari a sake kafin ya fita.

7. Ƙarfin hannu da salon jifa

Nisan da zai iya wurga ƙwallo ba shi ne ma'auni ba. Kusan duk wanda ya kai wannan mataki zai iya yadi 55. Nemo jifan da ake yi daga layin ajiye ƙwallo na nesa zuwa bakin fili na ɗaya gefen, a zurfin yadi 15. A filin jami'a, in ka haɗa da yadi bakwai da ya ja baya, ƙwallon tana tafiyar kusan yadi 40 a iska. In ta tafi a miƙe ba ta yi lilo ba, hannunsa ya isa. In tana rataye har mai tsaro ya cim mata, za a rage masa fili a NFL. Duba kuma ko yana iya sassautawa. Mai harba wa wanda ke yadi biyar ƙwallo kamar harsashi yana jawo saki.

Salo ba sai ya yi kyan gani ba. Philip Rivers yana jifa ta gefe kamar mai turawa, amma ƙwallo tana fita da sauri, ya shekara 17 a jere a NFL. Tim Tebow kuwa yakan sauke ƙwallo har kusan ƙugu kafin ya ɗago, wannan jinkirin ya ba masu tsaro lokaci. Ƙirga hotuna daga rabuwar hannuwansa zuwa fitar ƙwallo, ka kwatanta da na sauran 'yan ajinsa a bidiyo mai gudu iri ɗaya.

In saitinsa na da matsala, gano tushenta. Taku mai tsawo fiye da kima da ƙafar gaba yana sa ƙwallo ta tashi sama, kuma jifan da ya tashi a tsakiyar fili hannun mai tsaron baya yake faɗawa. Matsalar ƙafa tana gyaruwa. Josh Allen kashi 56 ya isar a Wyoming, a 2020 ya kai 69 a Buffalo. Amma irinsa ba su da yawa, kuma an ɓarar da zaɓe da dama wajen neman wani Allen ɗin. Wanda ƙafarsa ke daidai, babu matsi, kuma yana kuskure, shi ne abin tsoro.

8. Gudu

Raba gudun da koci ya tsara da wanda ya ƙirƙira da kansa. Ƙirga sau nawa ƙafarsa ta samo sabbin damammaki a dama ta uku, kuma duba ko ya iya zamewa ƙasa ko fita waje kafin a buge shi. Ka tuna alƙaluman jami'a suna cire yadin kayarwa daga yadin gudu, don haka sai ka mayar masa. Kada iya gudu ya rufe maka ido daga jifansa ta kowace fuska: wasu masu sharhi sun ce Lamar Jackson ya koma mai kamu, ya faɗo na 32 a 2018, ya kuma zama gwarzon NFL a 2019 da 2023.

9. Yanzu koma ga alƙaluma da abokan wasansa

Kwatanta takardarka da alƙaluman hukuma. Inda suka saɓa, nemo dalili. Mac Jones ya isar da kashi 77.4 a Alabama a 2020, amma yana jefa wa DeVonta Smith da Jaylen Waddle, waɗanda aka ɗauka cikin goman farko a 2021. Joe Burrow ma yana da Justin Jefferson da Ja'Marr Chase a jami'ar LSU lokacin da ya tashi daga kashi 57.8 a 2018 zuwa 76.3 da ci 60 a 2019. Abokan wasa nagari ba hujja ba ce a kan kowa. Ginshiƙin rata a takardarka ne zai raba. Cire duk jifan da mai kamu yake a sake da fiye da yadi uku, cire na bayan layi, ka sake lissafi da abin da ya rage.

Nasarar ƙungiya kuwa kada ka ɗora masa ita kacokan. Texas Tech ta ci 5 ta faɗi 7 a kakar Mahomes ta ƙarshe.

10. Gwaje-gwajen bayan kaka

Senior Bowl, wasan da ake haɗa masu shirin shiga zaɓe a Mobile ta jihar Alabama, ya fi amfani ta wajen atisayen mako fiye da wasan kansa, musamman ga ɗan ƙaramar jami'a, domin za ka gan shi da sabon tsari da sabbin masu kamu. Taron gwaji na Kombain a Indianapolis, ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, yana ba ka awo na gaskiya, don jami'o'i sukan ƙara wa 'yan wasansu tsawo a takarda. Ana auna tafin hannu daga kan babban yatsa zuwa kan ƙaramin. Inci 9 ne iyakar da ƙungiyoyi suka saba so. Na Burrow 9 ne cif, na Kenny Pickett 8 da rabi. In hannun ƙarami ne, koma ka ƙirga sau nawa ƙwallo ta suɓuce masa, ka kalli wasansa na ruwan sama. In babu matsala a can, wuce. Haka tsawo: Drew Brees da Russell Wilson sun nuna gajere na iya yi, abin dubawa shi ne ko yana ganin tsakiyar fili kuma sau nawa ake doke masa ƙwallo a layi.

Ranar gwaji ta jami'a ba ta da nauyi. An tsara jifan tun da wuri, babu mai tsaro, babu matsi. Zach Wilson da JaMarcus Russell duk sun burge a irin wannan rana, amma ba su taɓuka abin kirki a NFL ba. Gwajin ƙwaƙwalwa ma a yi hattara da shi: an yaɗa cewa C.J. Stroud ya samu maki kaɗan a gwajin S2 a 2023, ya kuma ƙare a matsayin gwarzon sabbin 'yan hari na shekarar.

11. Lafiya da hali

Ƙungiyoyi suna da likitoci, suna da ganawa 45 ta minti 18 a Kombain, suna iya gayyatar mutum 30 zuwa hedikwatarsu. Kai ba ka da ko ɗaya. Abin da za ka iya shi ne jera raunukan da aka sanar a fili, kamar gocewar ƙugun Tua Tagovailoa a Nuwamba 2019 ko raunuka huɗu da suka katse wa Michael Penix kaka a Indiana, ka kalli wasanninsa na bayan dawowa. Ta fuskar hali, tsaya ga abin da ke da shaida: ko abokan wasa sun zaɓe shi kyaftin, yadda yake bayanin kuskurensa ga 'yan jarida, da abin da ya yi a harin da ya biyo bayan cafkewa. Jita-jitar da ba a san mai ita ba a makonnin kusa da zaɓe ka bar ta. Wasu ƙungiyoyin da gangan suke sakinta don yaro ya faɗo musu.

12. Rubuta rahoto

Shafi ɗaya ya isa. Ba kowane fanni maki daga 1 zuwa 10, amma kada ka ba su nauyi ɗaya: saiti 25, karatu da shawara 25, matsi 20, ƙarfin hannu 10, ƙirƙira da gudu 10, gogewa da lafiya 10. Duk maganar da ka rubuta ka haɗa ta da wasa da minti, ta yadda wani zai iya dubawa. Ware gyararrun matsaloli daga marasa gyaruwa, ka faɗi irin tsarin da zai dace da shi da ko yana bukatar zaman benci. Mahomes wasa ɗaya ya fara a shekararsa ta farko, yana koyo a bayan Alex Smith.

Daga nan sa shi a ɗaya daga rukuni huɗu: wanda zai ɗauki ƙungiya a kafaɗarsa, wanda za a ci nasara da shi in an kewaye shi da nagari, ɗan benci mai amfani, ko wanda bai kai ba. Rukunin farko da saman na biyu ne kawai suka cancanci zagayen farko. Tun yarjejeniyar 2011 tsakanin NFL da ƙungiyar 'yan wasa, kwantiragin sabon ɗan wasa shekara huɗu ne, amma na zagayen farko ƙungiya tana da damar ƙara ta biyar, shi ya sa ake hawowa ƙarshen zagayen don ɗaukar kwatabak. Makinka da hasashen inda za a ɗauke shi ka rubuta su a layi daban, domin bukata takan tura su sama: a 2024 an ɗauki shida cikin 12 na farko, a 2022 kuwa ɗaya tak a duk zagayen farko, kuma Brock Purdy shi ne na 262, na ƙarshe. Sa kwanan wata a rahoton kafin daren zaɓe, ka ajiye shi tare da takardar ƙirgar, ka sake buɗe su bayan ya yi kaka uku a NFL don ka ga wane ginshiƙi ne ya faɗi daidai kuma wanne ya kamata ka rage wa nauyi.